Daga Shiroro Zuwa Mando, Daga Mando Zuwa Ɗakinka

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai



Shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, barkanmu da sake haɗuwa. Shugabannin ƙungiya sun ce tun da na tsufa a aikin lantarki, in zo in bayyana yadda wuta ke isowa gidajenmu. Ga Malam da ya koya mana kimiyya nan zaune. In na yi kuskure, sai ya gyara mini kamar yadda ya saba.

Bari in fara da kogin nan namu. Ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Kaduna shi ne ke gangarawa Jihar Neja, ya taru a madatsar Shiroro, wadda aka buɗe a 1990, mai ƙarfin megawat 600. Can yake juya injuna, sannan wutar ta taso mana ta kan manyan wayoyi masu ƙarfin bolt 330,000. Ana ɗaga ƙarfinta haka ne don kada ta ƙare a hanya wajen ɗumama waya.

To, amma irin wannan wuta ba ta shiguwa gida. Sai ta fara sauka a babbar tashar Mando, inda manyan taransifomomi ke rage ta zuwa 132,000, kana zuwa 33,000. Daga nan ta nufi ƙananan tashoshin cikin gari, su mai da ita 11,000, su raba wa unguwanni irin su Kawo da Malali da Unguwar Rimi. Ta ƙarshe ita ce taransifomar bakin layinku, wadda ke sauko da ita kimanin 230, daidai ƙwan fitila da fanka. Kamar hatsi ne: a sauke shi a tirela, a raba buhu-buhu, a auna mudu-mudu. Bayan ragewa, tasha kan datse layi nan take idan waya ta tsinke, don kada ɓarna ta yaɗu.

Daga Mando ɗin nan ne layin Kano da na Jos suke tashi. Mun ga muhimmancin hakan a watan Oktoba na 2024. Maɓarnata sun lalata layin Shiroro, ɗaya layin da ke biyowa ta Makurɗi da Jos shi ma ya sami matsala, sai yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu. Masu niƙa da masu walda da masu ƙanƙara ba su manta ba.

NEPA da aka kafa a 1972 ta zama PHCN a 2005. Yanzu TCN ke riƙe da Mando, kamfanin Kaduna Electric kuma ke rabawa cikin gari. Manyan layuka sun fi ƙarfinmu, amma taransifomar unguwa tana gaban idonmu. Abu uku na ga suna kashe ta: ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta ta hanyar jona wuta ta ɓarauniyar hanya, ɗaura waya mai kauri a gurbin fiyus, da satar manta da wayoyinta na tagulla. Man nan shi ke sanyaya ta. In aka zuƙe shi, ƙonewa za ta yi. Na taɓa zuwa wata unguwa da tasu ta ƙone, kowa ya san wanda ya sauya fiyus ɗin, amma ba wanda ya tanka, sai da suka kwana cikin duhu wata da watanni.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya, mu nemi izinin masu wuta mu katange taransifomar da ke ba makarantarmu wuta, mu sa mata fitila, don ƙannenmu su sami hasken karatun dare. Rigakafi ya fi magani.