Karatu Da Ƙuri'a: Wa Ke Fitowa Ranar Zaɓe?

Jawabin da aka gabatar wa shugabannin ikilisiyoyi, zumuntar mata da matasa a Dutse

 

Mutane da yawa sun ɗauka cewa mai ilimin boko ya fi kowa fita jefa ƙuri'a. Bari mu duba lissafin Hukumar Zaɓe, wato INEC. A zaɓen shugaban ƙasa na 2019, kusan kashi 35 cikin 100 na masu rajista ne suka fito a duk Nijeriya. A Jigawa an haura kashi 50, amma Legas, mai ɗimbin makarantu, ba ta kai kashi 20 ba. A 2023 ƙasar ta sauko zuwa kusan kashi 27, Jigawa kuwa wajen kashi 40. Ashe takardar makaranta kaɗai ba ta kai mutum rumfar zaɓe.

To, ina matasa? A rajistar 2023 mai mutum miliyan 93, 'yan shekara 18 zuwa 34 sun kai kusan kashi 40, ɗalibai kuma sun haura kashi ɗaya cikin huɗu. Har an rufe jami'o'i domin su je gida su yi zaɓe. Amma abin da muke gani a ƙauyukan da muke aiki, wajen Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu, shi ne tsofaffi da iyaye mata, waɗanda yawancinsu ba su yi boko ba, su ne kan gaba a layi tun da sassafe. Yaranmu masu sakandare da difloma kuwa suna gindin bishiya da waya a hannu, suna cewa an riga an gama rubuta sakamako.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Dattijo yana zaune inda ya yi rajista, rumfarsa na kusa da gida, maƙwabta kuma za su lura in bai fito ba. Matashi ya yi kati a makaranta ko a Kano wajen neman kuɗi, ranar zaɓe ga shi a wani gari, kuma an hana zirga-zirga. Ga kuma fushin wanda ya gama karatu bai sami aiki ba.

Su ma iyayenmu suna da tasu matsalar. A 2019 jam'iyyu 73 ne a takardar zaɓen shugaban ƙasa, a 2023 kuma 18. Mai raunin ido, ko wanda bai saba da takarda ba, yakan dangwala a kan layi, ko tawada ta ɓata wani gidan wajen naɗewa. A 2023 ƙuri'u fiye da 900,000 ne suka lalace a faɗin ƙasa. Mutum ya sha rana a banza ke nan.

Saboda haka muna roƙon abu uku kafin zaɓen 2027.

Na ɗaya, kowane ajin yaƙi da jahilci ya ware lokaci a koyi alamun jam'iyyu, da yadda ake dangwalawa da naɗe takarda.

Na biyu, shugabannin matasa su bincika wanda katinsa yake wani gari, su raka shi ofishin INEC na ƙaramar hukuma a dawo da rajistarsa gida idan an buɗe.

Na uku, kowane matashi mai karatu ya ɗauki tsoho ɗaya ya koya masa tun a gida, ranar zaɓe su tafi tare, amma kowa ya zaɓi wanda ransa yake so.

Ba mu zo yi wa wata jam'iyya talla ba. Rijiyar burtsatse, asibitin ƙauye da malamin firamare da mu da maƙwabtanmu Musulmi muke nema, a hannun waɗanda aka zaɓa suke. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya ba mu shugabanni masu tsoronsa. Amin.