Lambar Soja da Neman Kakannin da Suka Tafi Yaƙin Basasa



A gidaje da dama na Dutsin-Ma da Kurfi, in ana lissafin zuri'a akan iso kan wani suna a ce, "Wannan ya tafi soja lokacin yaƙin Ojukwu." Daga nan zance ya tsaya. Wani ya dawo da rauni ya koma gona, wani ya yi aure a Kaduna ko Enugu, wani kuwa har yau ba a ga gawarsa ba. Ina so in nuna muku cewa mutanen nan suna da sawu a takarda, kuma ana iya bin sa.

An fara yaƙin ranar 6 ga Yuli 1967, aka ƙare ranar 15 ga Janairu 1970. Cikin watanni talatin ɗin nan sojan Najeriya ya tashi daga kimanin dubu 10 zuwa kusan dubu 250. An kira 'yan mazan jiya da suka yi yaƙin Bama, an kwashi samari daga kasuwa da gona, an yi musu horo na 'yan makonni, aka tura su fagen daga. Irin wannan gaggawa ita ta haifar da wahalar da mai bincike zai fara cin karo da ita, wato suna. Magatakarda ya tambayi yaro sunansa, ya ce Musa, ya tambayi garinsu, ya ce Katsina, sai a rubuta Musa Katsina. Su nawa ne Musa Katsina a runduna guda? Wani ma da sunan yayansa ya shiga, don kada mahaifinsa ya hana shi.

Saboda haka lambar soja ita ce mabuɗi. Sojojin wancan zamani galibi lambarsu na farawa da 63NA. Ku nemo ta a takardar sallama, ko katin fansho, ko bayan tsohon hoto, ko cikin adakar kakarku, inda mata ke adana abin da maza suka manta. In kun samu, ofishin ajiye bayanan sojan ƙasa yana Lakwaja, hukumar fanshon soja tana Abuja, reshen ƙungiyar 'yan mazan jiya kuma yana nan Katsina. Ku tuna a lokacin muna cikin Jihar Arewa ta Tsakiya ne, sai 1987 aka yi Jihar Katsina, don haka takardun gwamnati na wancan zamani a Kaduna za a nema, a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa.

Da zarar kun san rundunarsa, kun san hanyar da ya bi. Runduna ta ɗaya, ƙarƙashin Muhammadu Shuwa, ta bi ta Nsukka zuwa Enugu. Ta uku, ta Benjamin Adekunle, ta ruwa ta shiga, ta kama Kalaba da Fatakwal. Ta biyu, ta Murtala Muhammad, ta yi asarar mutane masu yawa wajen ƙoƙarin ƙetare Kogin Kwara zuwa Onitsha a Oktoba 1967, da kuma kwanton ɓaunar Abagana a Maris 1968. Iyalin da ɗansu ya ɓace a wannan runduna, nan ya kamata su fara duba. Wajibi ne kuma in faɗa: a Asaba, cikin Oktoban 1967 ɗin, sojojin tarayya sun kashe ɗaruruwan fararen hula. Mai neman kakansa ya shirya wa jin abin alfahari da abin baƙin ciki, kuma kada ya ɗora wa mutum laifi don kawai rundunarsa ta bi ta wurin.

Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara ashirin a 1967, yau ya doshi tamanin. Ina roƙon malaman tarihi na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita su tura ɗalibai ƙauye-ƙauye, da izinin hakimai, Yandakan Katsina da Maradin Katsina, su naɗi muryar dattawan nan, su ɗauki hoton takardunsu su mayar musu da asalin. A tambaye su lamba, da bataliya, da garuruwan da suka bi, da sunayen 'yan garinsu da suka ga an binne.