ƊALIBAN JAMI'A A DAJIN ATANTANE: MI SUKA ZO AUNAWA?

Jawabin malamin kiwo ga masu gari, ardaye, makiyaya da manoma, gabanin fitar ɗalibai aikin daji na ƙarshen damana.

Masu gari, ardaye, iyayenmu mata, makiyaya da manoma, ina gaida ku da aikin damana. Allah shi kai mu kaka lafiya, mu da bisashenmu.

Magana guda ta tara mu yau. Daga ƙarshen watan Satumba zuwa cikin Oktoba za ku riƙa gamuwa da samari da ƴan mata cikin makiyaya da bisa burtali, ɗauke da igiyar awo, da lauje, da ƙaramin sikeli, da jakunkunan yadi. Ɗalibai ne masu karatun noma, kiwo da kula da muhalli. Irinsu ne ke fitowa daga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Ba ƴan gandun daji ba ne, ba su cin tarar kowa, ba su raba taimako, kuma igiyarsu ba ta amsar gonar kowa. Na faɗi haka tun da fari don na san halinmu. In baƙo ya sauko daga mota da takarda a hannu, wani ya tuna jangalin zamanin da ya kore garke bayan tudu, wani kuma ya zaci furoje ne ya zo, ya ce bisashenshi duk sun mutu. Su duka biyu ƙarya suka ba takarda, kuma takardar nan Yamai za ta.

Bari in yi muku bayanin aikin ciyawa, don shi ne babba.

Ɗalibi zai aza wani ƙarfe mai kusurwa huɗu bisa ƙasa, metir guda tsawo, metir guda faɗi. Duk ciyawar da ke ciki ya yanke ta daidai ƙasa, ya auna ta ɗanya, ya sa a jaka. Ya yi gaba ya sake, wurare da yawa, inda ciyawa ta yi kauri da inda ta yi sanƙo, ba wurin da ya burge shi kaɗai ba. Daga baya a shanya ta har ta bushe ƙarau, a sake aunawa. Nauyin busassa shi ne abin lissafi, tunda ruwan da ke cikin ɗanyar ciyawa ba ya kai bisa watan Afirilu.

To ga misali, ku biyo ni sannu. A ce an samu giram 80 na busassar ciyawa cikin metir ɗin nan guda. Eka guda, wato fili mai metir 100 tsawo da 100 faɗi, za ta ba da kilo 800 ke nan. Amma ba duka ke shiga cikin bisa ba. Gara ta ci nata, iska ta kwashi nata, kofato ya tattake, rana ta ƙone saura. Shi ya sa a ma'aikatar kiwo kashi ɗaya cikin uku kaɗai muke lissafawa, wajen kilo 270. Bisa kuwa mai nauyin kilo 250, wadda da ita muke gwada sauran, tana buƙatar kilo 6 da kwata na busasshen abinci kowace rana. Rani wata tara ne, kwana 270. In kun haɗa, kusan kilo 1.700 take ci kafin sabuwar ciyawa. Ke nan a fili irin wannan, bisa guda sai ta samu eka 6 da ɗoriya. Yanzu kowa ya dubi makiyayar garinsu a zuci, ya dubi yawan shanun da ke kwana cikinta. Ba sai na ƙara komi ba.

Wannan lissafi shi ake tarawa daga Mayahi, daga Tasawa, daga Dakwaro da sauran sassa, a kai Maraɗi, a kai Yamai, a ce bana ciyawar ƙasa ta isa ko ta kasa da kaza. Da shi ake duba inda za a fara kai dusa da gurya masu rangwamen kuɗi, da inda za a yi hanyoyin tsaida gobarar daji. Waɗanda suka ga 1984 sun sani. Ƙanana kuma sun ga 2005 da 2010, shekarar da shanu suka rame har ruwan fari ya iske su ba su iya tashi, aka riƙa saida saniya kuɗin akuya. Tun watan Oktoba na 2009 awon ciyawa ya nuna abin da ke tafe. Wanda ya ji ya rage garke da wuri, ya sayi abinci tun yana da sauƙi, shi ya fita da iri.

Wani zai ce, ai yanzu akwai tauraron ɗan Adam, cibiyar Agirimet ta Yamai tana ganin koren ƙasa daga sama, mi ya kawo yara cikin ƙarangiya? Gaskiya ne tana gani, kuma yana da amfani ƙwarai. Sai dai tauraro kore kaɗai ya sani. Bai san garmani ba.

Ku kun san ta. Ta cika burtali da makiyaya a ƙasar Mayahi da Tasawa, ta kashe ciyawar kirki da inuwarta, bisa kuma ba ta taɓa ta sai in yunwa ta kai mata wuya. Daga sama fili ya yi shar kamar aljanna, a sikeli ma ta yi nauyi, amma saniya ta shiga ta fito ciki wayam. Don haka ɗalibai ke miƙa igiya ta metir 20, kowane santimetir 20 su saukar da siririn ƙarfe, su rubuta sunan ciyawar da ya taɓa. Sau ɗari ke nan ga igiya guda. A ƙarshe su san cikin ɗari nawa ne ƙarangiya, nawa ne komayya, gadagi, kyasuwa, marak, nawa ne garmani da fatakka, nawa ne ƙasa tsirara.

A nan ne nake roƙonku, musamman dattawa. Yaran nan sun san sunan ciyawa da Faransanci da Latinanci, sun ga hotonta cikin littafi da kwamfuta. Amma da yawansu a birni suka tashi. Ba su san marak na kumbura cikin bisa in ta cika shi yana ɗanye a farkon damana ba, sai dai a takarda. Ba su san gadagi ne ake tarawa doki da ragon turke ba. Ba su san inda gamba ta taɓa yin duhu har ta ɓoye mai raƙumi, yau babu ko tushe guda, sai a iyakar gona inda mai ita ke tsaronta don zana. Wannan ilimi ba ya cikin jami'a, yana bakinku. In yaro ya tambaye ku abin da kuke ganin kowa ya sani, kada ku yi mishi dariya har ya ji kunyar sake tambaya. Gobe shi ne za a turo muku shugaban ma'aikata. Mu da muka fito makarantar Kollo mun san bambancin shugaban da ya taka daji da wanda bai taka ba, tun daga yadda yake tambayar labarin garke.

Za su auna itatuwa kuma. Su zagaya gindin da igiya daidai ƙirjin mutum, metir 1 da santimetir 30, su duba faɗin inuwa, su ƙidaya ƙananan da ke tasowa. Gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya, da goribar Gulbin Kaba. Ga mai kiwo, itace ciyawa ce ta sama. Gawo na fidda ganye da ɗiya cikin rani, daidai lokacin da ƙasa ba ta da komi sai kara, kuma kun san kuɗin buhun ɗiyan gawo a kasuwa. Sassaben zamani, wanda ya fara a nan jihar Maraɗi wajen 1983, shi ya maido da itace cikin gonakinmu, har baƙi daga ƙasashen duniya suna zuwa Ɗan Saga ta Agye kallo. Tun 2020 akwai dokar gwamnati da ta tabbatar wa manomi haƙƙinshi bisa itacen da ya raina a gonarshi. To mai gona kada ya ji tsoron a ƙidaya mishi. Wanda ya san ya yi wa gawo aski har ƙwarya don tumaki, shi ma yaran ba su kai ƙararshi, amma ni zan yi magana da shi daga baya.

Sai burtali, inda maganar ke da zafi. Mu a yankin noma muke. Dokar 1961 ta ja iyakar noma can arewa, amma gonaki sun ƙetare ta tun tuni, garkunan arewa kuma dole su ratsa ta cikinmu in za su kudu, su sake ratsawa in za su koma. Ɗalibai za su bi turakan siminti da na'urar da ke nuna wuri, su auna faɗin hanya, su rubuta inda gona ta ci, da inda turke ya ɓace ko ya yi tafiya da dare. Su ba alƙalai ba ne. Hukuncin fili na kwamitocin Kofo ne da sarakuna da hukuma, kamar yadda dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 suka tsara. Amma awon gaskiya yana rage gardama. Duk wanda ya kai shekaruna ya tuna Toda a 1991, inda rigimar ɓarnar gona ta ci rayuka fiye da ɗari, galibi mata da yara. Hanyar da ta toshe ita ke tura garke cikin hatsi, daga nan sai sanda, daga sanda sai abin da ba a so.

Ɓangaren da ni zan riƙe da hannuna shi ne na lafiyar bisashe. Zan kai su rijiya da safe su ga yadda ake kama bisa ba a ji mata ba, yadda ake karanta shekaru a haƙora, yadda ake jan fatar ido a ga ko ta yi fari saboda tsutsar ciki, yadda ake shafa ƙugu da haƙarƙari a san rama ko ƙiba. Ran kasuwa kuma mu je mayanka su ga hanta da huhu, su ga dunƙulen leda da ake fiddawa daga tumbin akuyar da mai ita ya sha sayen magani a banza. Iyayenmu mata, jar akuyar Maraɗi a hannunku take, ku kuka san wadda ke haihuwar tagwaye da wadda ke ɓari. Ɗalibai mata za su shigo gida wurinku da izinin masu gida. Ku faɗa musu yadda abin yake.

Yanzu ku ɗiyana ɗalibai, ga naku, a gaban iyayenku nake faɗi don su zama shaida.

Ba a shiga gari sai ta ƙofar mai gari, ba a shiga rugga sai ta wurin ardo. Ku gaisa, ku zauna, a ba ku ruwa, kana ku fiddo takarda. Kada ku tsaya gaban garke kuna nuna shanu da yatsa kuna ƙidaya, makiyayi ba ya son haka, kuma yana da dalilinshi. Ku tambaye shi tarihin saniya guda guda, haihuwa nawa, ɗiyanta ina suke, lissafi zai fito da kanshi. Kada ku yi alkawarin rijiya ko dusa don a amsa muku tambaya, ku za ku tafi, mu za a riƙa tsarewa a kasuwa. Ku sa takalmi rufaffe, akwai kububuwa ƙarƙashin ciyawar da kuke yanka. In kun fito garken da ake tari ko dalalar miyau, ku wanke takalmi da hannu da sabulu kafin ku shiga wani, kada ku zama ku ne masu yawo da cuta. In kun iske mushe ya kumbura, baƙin jini na fita ta hanci da dubura, kada ku fasa shi don son gani. Ciwon saifa ke nan, yana kama mutum, kuma ƙwayarshi na zama cikin ƙasa shekaru masu yawa. Ku sa alama ku kira ni. Nono kuma a dafa kafin ku sha.

Abu guda da ba na yafewa shi ne cika takarda ƙarƙashin inuwa. Na san rana, na san ƙarangiya cikin wando. Amma in an ce wuri 30 za a yanka, ka yanka 10 ka ƙago 20, lambar ƙaryar nan za ta shiga lissafin jiha, kuma babu mai iya gane ta daga baya. Gara ka rubuta 10 ka ce nan ka tsaya. Kuma in kun gama rubuta littafinku, ku dawo ku karanta wa mutanen nan abin da kuka samu, da Hausa. An sha zuwa a tambaye su, ba a cika dawowa a gaya musu ba, shi ya sa wasu suka gaji da amsawa.

Masu gari, abin da nake so gare ku kafin mu watse: kowane gari ya ba ni mutum biyu da suka san daji, manomi guda makiyayi guda, waɗanda za su raka ɗalibai, da mace guda da za ta shiga da ƴan matan gidaje. A nuna musu wurin kwana da inda za su shanya ciyawarsu awaki ba su kai gare ta ba. Wanda ya ga jakunkuna rataye da lambobi kada ya juye su, kada yara su ɗauke turakan da za a kafa a makiyaya, don baɗi a wurin nan dai za a sake awo. Ranar allurar rigakafin ciwon huhu na shanu da annobar awaki da tumaki za mu aiko muku da ita ta hannun sarki da gidan rediyo. A fiddo garke duka, har waɗanda ke bayan tudu.

Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da ardaye tunda su ke da nisan komawa.