Jawabi Ga Jama'ar Hausawa Mazauna Manchester Kan Gyaran Gidaje Saboda Sanyi

 

Mas'alar da aka ɗora mini ita ce ta sanyin gidajenmu, domin akasarinmu muna zaune ne a tsofaffin gidajen jan bulo na jere, waɗanda aka gina su tun zamanin masaƙu, bangonsu ba shi riƙe ɗumi, har ya zama mutum yana zuba kuɗi a mita kamar mai zuba ruwa a rariya, ga tsohuwa lulluɓe da bargo biyu a falo, ga raɓa tana tsiyaya a gilashin taga, ga baƙar fumfuna tana hawa bango bayan gadon yara. Kada wani ya ɗauki fumfunar nan ƙazanta ce kawai. A nan Rochdale kusa da mu, a Disambar 2020, yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, wanda iyayensa suka zo daga Sudan, ya rasu, bincike kuma ya tabbatar da cewa fumfunar ɗakinsu ce sanadi. Da sunansa aka kafa dokar da ta wajabta wa masu gidajen hukuma da na ƙungiyoyi gaggauta gyara. Allah ya sa mai ceto ne ga iyayensa.

To, hukumar Ingila tana da shiri tun 2025, ana ce da shi Warm Homes: Local Grant, ta hannun ƙananan hukumomi, ga mai gidan kansa ko mai haya a hannun ɗan kasuwa. Sharaɗinsa, a galibi, kada abin da iyali ke samu a shekara ya wuce fam 36,000, kuma takardar shaidar ɗumin gidan, wadda ake yi wa daraja daga A zuwa G, ta kasance tsakanin D da G. Idan an cika sharaɗi, sai a aiko mai dubawa, a shimfiɗa abin tare sanyi a saman silin ko a bango ko a ƙarƙashin daɓe, a wani gidan har a kafa farantan sola ko na'urar da ke zuƙo ɗumi daga iskar waje, mai gidan kansa bai biya ko sisi ba. Mai haya sai da yardar maigidan, wanda mai yiwuwa a nemi ya ba da wani kaso.

Abin da ya fi damuna, jama'a, kunyarmu ce. Mun taso da ƙyamar roƙo, wannan kuwa ɗabi'a ce ta kirki, amma wanda ya kwana yana tuƙin tasi ko jinyar tsofaffi, yana kuma biyan haraji daga abin da ya samu, idan ya nemi rabonsa a baitulmali, haƙƙinsa ya nema, ba bara ya yi ba. Kuma malamanmu suna zaune, su ne shaida cewa kiyaye rai da lafiya yana cikin manyan manufofin shari'a. Wanda takardar zamansa ta hana shi taimakon hukuma, shi ya fara neman fatawar masanin dokar shige da fice tukuna.

Masu lalura kuwa, musamman mai numfashi da na'ura ko mai maganin da ake ajiyewa a firji, wajibi ne a sa sunansu a rajistar da kamfanonin wuta da gas ke riƙewa kyauta, Priority Services Register, don a sanar da su kafin a ɗauke wuta, a kuma fara da su wajen agaji.

Sai dai a yi hattara da masu ƙwanƙwasa ƙofa suna cewa hukuma ce ta aiko su. A 2025 ofishin binciken kuɗin hukuma ya gano cewa kashi 98 cikin ɗari na gidajen da aka lulluɓe bangonsu ta waje a ƙarƙashin wani shirin gyaran gidaje mai suna ECO4 da takwaransa suna bukatar babban gyara, domin aikin ganganci da kansa yana jawo danshi. Saboda haka a bi ta ƙaramar hukuma, a tambayi mai aikin shaidar ingancin aiki ta TrustMark, kada a sa hannu a takardar da ba a karanta ba.

Samarinmu suna bayan zaure da kwamfuta. Bayan sallar la'asar kowa ya kai musu lambar unguwarsa a duba darajar gidansa, a fara da gidajen da ke da tsofaffi da marasa lafiya.