Sirrin Mara Lafiya a Ɗakin Likitan Iyali

 

An ce in yi magana a kan haƙƙin mara lafiya. Fagen yana da faɗi, lokaci kuwa ƙanƙane ne, don haka zan riƙe abu guda, wato sirri, musamman a hannun likitan iyali. Shi ne ke duba maigida da uwargida da amarya da yara da tsohuwar gida, ko a asibitin kuɗi na unguwa ko a sashen karɓar marasa lafiya na manyan asibitoci. Sanin da ya yi wa gidan shi ne amfaninsa, nan ne kuma jarrabawarsa take, domin kowa a gidan yana jin yana da ikon tambayarsa labarin kowa.

Doka ba ta bar maganar a duhu ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 26, ta ce duk bayanin da ya shafi ciwon mutum, da maganin da ake masa, da kwanciyarsa a asibiti, sirri ne. Ba a fitar da shi sai da izininsa a rubuce, ko da umarnin kotu ko na wata doka, ko ga iyayen ƙaramin yaro, ko ga waliyyin wanda ba ya iya yanke hukunci da kansa, ko kuma idan ɓoyewar za ta jefa jama'a cikin babban haɗari. A ranar 31 ga Yuli 2018 mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya guda 12, sirri na cikinsu. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta zo ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman.

Ku sake duba waɗanda na lissafa a sashe na 26. Babu miji a ciki. Babu suruka, babu yayan miji, babu wanda ya biya kuɗin kati. Na san wannan yana yi wa wasunmu nauyi, don mun saba a ce wanda ya kai ka asibiti shi za a yi wa bayani.

To ga yadda abin ke faruwa. Amarya ta zo da ciwon mara, uwar mijinta ta rako ta, ta samu kujera ta zauna. Likita ya tambayi ranar da ta ga al'ada ta ƙarshe, ya tambayi ko tana shan maganin tazarar haihuwa. Wace 'yar Hausa ce za ta amsa wannan a gaban surukarta? Sai ta sunkuyar da kai, tsohuwa ta amsa a madadinta, likita ya rubuta magani a kan labarin da ba na mai ciwon ba. Kunya tarbiyya ce, ban zo in zage ta ba. Amma likitan da ya san ta, aikinsa ne ya ce, "Hajiya, don Allah a ɗan ba mu wuri, yanzu zan kira ki." Idan ya mai da hakan ƙa'ida ga kowa, babu wanda zai zargi wata manufa. Idan kuwa sai ga mace ɗaya ya yi, ya riga ya tona rabin asirinta.

Tafinta ma wata kafa ce. Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ya ce a yi wa mara lafiya bayani da harshen da yake ji, a faɗa masa hanyoyin magani da haɗarinsu da kuɗinsu, da cewa yana iya ƙi. Likitan da ba ya jin Hausa ko Fulatanci yakan kira duk wanda ya gani a bakin ƙofa ya fassara, wani lokaci ɗan cikin matar ne, wani lokaci maƙwabcinta. Magana zarar bunu ce.

Ikon ƙin magani ba ado ba ne a takarda. A 2001 Kotun Ƙoli ta wanke Dokta Okonkwo, wanda aka hukunta bayan rasuwar wata majinyaciyarsa da ta ƙi ƙarin jini saboda addininta. Kotu ta ce baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani ko da ransa na cikin haɗari. Mutanen Kano kuwa ba sa buƙatar a koya musu darajar neman izini. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kusan 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar tabon da ya taimaka wajen ƙin allurar shan-inna a 2003.

Yanzu ga sabon nauyi. A 2024 jihar Kano ta wajabta gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da sikila kafin ɗaurin aure. Niyyar mai kyau ce, ina kuma goyon bayanta. Sai dai wa za a miƙa wa takardar sakamako? A ganina, a fara zaunar da mai jinin shi kaɗai a faɗa masa, a ba shi shawara, kafin wani waliyyi ya ji. Yarinyar da aka fasa aurenta unguwa ta san dalili, ta yi asara sau biyu.

Yawancin ɓarakar ma ba daga bakin likita take fitowa ba. Daga ɗakin kati take, inda ake jibge fayil a kan tebur kowa na leƙawa. Daga ma'aikacin da ke ɗaga murya a kan layi yana kiran suna haɗe da sunan gwaji. Daga labulen da aka raba ɗaki ɗaya da shi, likitoci biyu suna duba mutum biyu. Sai kuma waya: a ɗauki hoton sakamako a tura zauren WhatsApp na abokan aiki don neman shawara, suna da shekaru duk a bayyane.

Masu asibitoci da ke nan, sashe na 30 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ya ba kowane mara lafiya damar kai ƙara a bincika. Ku rubuta hanyar yin hakan da Hausa, da boko da ajami, ku liƙa kusa da tagar yankan kati, a kuma riƙa karanta wa masu jira a benci kowace safiya, don da yawansu ba sa karatu.