Hitar Gas A Gidajenmu: Ku San Lafiyarta, Ku San Ciwonta

(Jawabin da wani ɗan ƙungiya mai sana'ar haɗa famfo da gas ya gabatar a taron wata-wata)



Ba sai na faɗa muku abin da ake kira sanyin Jos ba. Garin nan yana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200, kuma duk wanda ya taɓa ruwan randa da asuba a watan Disamba ko Janairu ya san dalilin da ya sa yara ke gudun wanka. Da ma hitar lantarki muka sani, to wuta ba ta zama. Shi ya sa wasu gidaje, daga Unguwar Rogo zuwa Rikkos har Bukuru, suka koma ga hita mai aiki da gas, wadda ake kafewa a bango a haɗa ta da silinda. Abu ne mai amfani. Amma ni da nake wannan aiki na ga abin da ya tsorata ni.

Wata rana an kira ni wani gida. Yaro ɗan shekara 14 ya shiga wanka, ya daɗe, aka yi ta ƙwanƙwasa ƙofa shiru. Da aka ɓalle ta sai ga shi a ƙasa. Allah ya yi da sauran kwana, ya farfaɗo a asibiti. Mutanen gida suka ce ai gamo ya yi. Da na duba, hitar tana cikin banɗakin, ba bututun hayaƙi, ga taga an toshe da kwali saboda hunturu. Wannan shi ne aljanin.

To, ga yadda abin yake. Wuta ba ta ci sai da iska. In ta sami iska isasshiya, gas zai ƙone tas. In ba ta samu ba, sai ta fitar da wata guba da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Jinin mutum yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau 200 da wani abu. Ita ce dai gubar hayaƙin janareta da ta kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Kuma a nan kan tudu iska ba ta kai ta Legas kauri ba, saboda haka wutarmu ta fi bukatar sarari. Alamominta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. In ka ji haka a wajen wanka, ka fito waje ka ji sauƙi, kada ka ce shawara ce ko zazzaɓi. Hitar za ka tuhuma.

Don haka doka ta farko, kuma in ita kaɗai kuka riƙe na gode: ba a kafa hitar gas a cikin banɗaki ko ɗakin kwana. A kafa ta a waje ƙarƙashin rumfa, ko a inda iska ke ratsawa, bututun hayaƙinta ya fita sarari. Ruwan zafin kawai ya shigo ta famfo.

Yanzu bari in faɗi abubuwan da ba ciwo ba ne, domin da yawa ana tashe ni da dare a kansu. In ka buɗe famfo ka ji ƙas-ƙas-ƙas, sannan "fuu", wannan tartsatsin kunnawa ne, batir ke ba shi ƙarfi. In ƙarar ta yi rauni, batir za ka sake. Ruwan farko zai zo da sanyi, domin wanda ya kwana a bututu ne, ka ɗan jira. In ka rufe famfo wuta ta mutu nan take, haka aka yi ta. In ruwan tanki ya yi ƙasa ta ƙi kamawa, ba lalacewa ta yi ba, ƙin ƙona kanta ta yi. Wasu kuma an yi su da agogon da ke kashe wuta bayan kamar minti 20. Kada wani makaniken gefen titi ya ce zai cire muku wannan. Ɗan ƙas-ƙas bayan an kashe, ƙarfe ne ke hucewa. Gumi a jikin silinda lokacin da ake ta aiki da ita, shi ma ba yoyo ba ne.

Ga kuma na ciwo. Ku leƙa ta ɗan gilashin nan: harshen wuta mai lafiya shuɗi ne, a tsaye. In ya koma ja ko ruwan ɗorawa yana lilo, in kun ga kunkunniya a bango ko a jikin hita, in ta daɗe ba ta kama ba sannan ta kama da "bum", ko kuma aka rufe famfo wuta ta ci gaba da ci, a rufe silinda, a kira mai gyaran da ya san aikinsa.

Sai warin gas. Asalinsa ba shi da wari, da gangan ake zuba masa wannan ɗoyi don hanci ya yi mana gadi. Kuma ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, ya bi kwata da lungu. In kun ji shi, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa. A rufe regileta, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da yara. Gwajin yoyo da ruwan sabulu ake yi: a shafa a mahaɗar tiyo, in ya yi ƙwai, akwai yoyo. Silinda a tsaye take zama, a waje, a inuwa. Ku duba shekarar da aka buga a jikinta, domin hukumar SON ta ƙayyade mata shekara 15. Tiyon da ya tsattsage a sake shi, kuma da na gas, ba na ruwa ba.

In wani ya faɗi, a fito da shi sarari, a garzaya da shi JUTH ko Asibitin Ƙwararru na Filato ko wanda ya fi kusa, a gaya wa likita akwai hitar gas a wurin. Ko ya farfaɗo a hanya, a kai shi. Madara da manja ba sa fitar da wannan guba, iskar oksijin ta asibiti ce maganinta.

Iyayenmu mata, ku ne a gida. In yaro ya shiga wanka, a riƙa kiran sunansa. Masu gidajen haya kuma, ku dubi haƙƙin da ke wuyanku. Kafin hunturu ya kama, kowa ya sa a duba masa hitarsa sau ɗaya a shekara, a share bututun, don tsuntsu kan yi sheƙa a ciki. Wanda ya sami hali ya sayi 'yar na'urar nan mai ƙara in ta ji gubar. Rigakafi ya fi magani.

Yau in kun koma gida, ku duba inda taku take. In a banɗaki take, kada a kunna ta sai an fitar da ita. Allah ya tsare mu da iyalanmu.