Tsawon Tirela da Yadda Take Shan Kwana

 Daga Agadas nake yi muku magana. Hirarmu ta yau a kan manyan motocin nan ce da ake kira tirela. Kada wani ya ce shi ba direba ba ne. Mai amalanke, da ɗan kabu-kabu, da mai tallar fura a bakin hanya, duk maganar ta shafe su.

Tun da aka fara fid da uraniyom a Arlit cikin 1971, aka kuma shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas har Arlit wajen 1980, motocin nan suka zama maƙwabtanmu. Su ke kawo mana siminti da mai da hatsi, su ke kai albasar Abzin kudu.

Tirela kashi biyu ce. Akwai kai, inda inji da direba suke. Akwai bodi, inda kaya suke. A bayan kan akwai wani babban farantin ƙarfe mai tsaga, wanda ake shafe da giris. A ƙarƙashin goshin bodi kuma akwai ƙusa guda, yawanci kaurinta santimita 5 ne. Ƙusar ta shiga tsagar, a kulle. Masu Faransanci suna ce wa farantin selet, a Ingilishi kuwa sunansa ƙafa ta biyar. A nan kaɗai motar take lanƙwasa.

To, ku dubi ayarin gishiri in ya taso daga Bilma. Raƙumi ashirin a igiya ɗaya, in na gaba ya kewaye dutse, na baya ma zai kewaye, don kowanne yana da ido da ƙafafunsa. Bodin tirela ba haka yake ba. Sanda ce miƙaƙƙiya, ba ta da gwiwa a tsakiya. In kai ya sha kwana, tayoyin baya ba su taka sawunsa, sai su yanke ta ciki. Kowa yana iya gwadawa da keke a kan yashi. Ka juya, ka sauka, ka dubi sawu. Za ka ga na tayar baya ya faɗa ciki.

Ga lissafi, ku ɗauki alli. A ce kan mota yana zagaya kwana, tsakaninsa da tsakiyar kwanar mita 12. In daga ƙusa zuwa tayoyin baya mita 6 ne, tayoyin za su iya shigowa ciki da mita 1 da rabi ko fiye kaɗan. In mita 8 ne, sai su shigo da kamar mita 3. Kun gani? Mita 2 kawai aka ƙara wa tsawo, amma yankan ya kusa ninkawa. Mita 3 kuwa ta ishi amalanke da jakinsa.

Shi ya sa direban doguwar tirela in zai juya dama, sai ya fara buɗewa hagu. Wanda bai sani ba sai ya ga fili ya samu a dama, ya kutsa. Wannan filin ba naka ba ne, na tayoyin baya ne, suna nan tafe. Wani ɗalibina mai amalanke ya shiga irinsa da buhunan gawayi. Allah ya kiyaye, shi da jakin sun fita, amma amalanken sai itacen wuta. Sati biyu bai zo aji ba, yana neman kuɗin wani. Da ya dawo ya ce mini: "Malam, wallahi na ga ya yi hagu." Gaskiya ya faɗa. Direban ma ba shi da wata hanya. Kuma da zarar kai ya lanƙwasa, madubin gefe ba ya nuna wa direba duk abin da ke kusa da bodi.

Akwai kuma wutsiya, wato abin da ya rage na bodi bayan tayoyin ƙarshe. Ita waje take sharewa. Mota ta yi dama, wutsiya ta yi hagu. Mai rumfa a bakin kwana ya kula da wannan.

Tsawo ba aibi ba ne kullum. Wajen ja da baya, doguwar tirela ta fi gajera biyayya, don a hankali take amsa sitiyari, direba yana samun lokacin gyara. Gajera kuwa kafin ka ankara ta naɗe. Yaran mota da ke koyo sun san haka. A miƙaƙƙiyar hanya ma doguwa ta fi natsuwa. Amma in iskar hunturu ta bugo ta gefe, dogon bodi mai tanti bango ne, sai direba ya rage gudu. A kwarin da ruwa ke ratsa hanya da damina, doguwa takan goga ciki ko wutsiya a ƙasa.

Lodi ma yana da hannu. In aka tara nauyi can baya, farantin ya yi sauƙi, tayoyin kai su rasa kamu, su yi ta juyawa a yashi. In aka taka birki da ƙarfi a haka, bodi yana iya ture kai gefe, motar ta naɗe kamar wuƙar aljihu.

Ƙasashen ƙungiyar UEMOA, har da Nijar, sun yi doka a 2005 wadda ta tsai da tsawon kai da bodi a haɗe a mita 16 da rabi. Ku auna wannan da taki a filin makaranta, ku ga yawansa. Mai babur da zai wuce tirela, wannan tsawon duka zai ci kafin ya koma hannunsa.

Aikin gida: ku rubuta kalmomi huɗu a allo, tirela, kwana, sawu, mita. Sannan ku zana sawun keke biyu a kwana, ku nuna wa malaminku wanne ne na baya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.